Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga dattawa da shugabannin ƙungiyoyin Hausawa mazauna Landan, a kan mashayar Carlton Vale da zauren da muka rasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena maza da mata, ranku ya daɗe. Ina gaisuwa, ya iyali, ya sanyi, ya haƙuri da zaman ƙasar mutane. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Na san akwai wanda zai ga kalmar mashaya a kan wasiƙar nan ya ja tsaki ya wuce. Ina roƙon a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Ban taɓa kurɓar giya ba, kuma ina roƙon Allah ya ɗauki raina ban kurɓa ba. Na san hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da ita, a kansa nake, a kansa nake tarbiyyar 'ya'yana. Ba wanda nake kira ya shiga ya zauna. Sai dai maganar da ta daɗe tana cina ta bi ta ƙofar wata mashaya ne, kuma ba yadda zan faɗe ta in ban ambaci wurin ba.

Sunanta Carlton Tavern. Tana kan titin Carlton Vale, tsakanin Kilburn da Maida Vale, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga tashar Kilburn Park, a jikin filin wasanni na Paddington inda da yawa daga cikinmu ke kai yara ƙwallo ranar Asabar. An gina wa kamfanin giya na Charrington ita tsakanin 1920 da 1921, a gurbin wata tsohuwa da bam ɗin jiragen Jamus ya ruguza a watan Mayun 1918. Da aka zo Yaƙin Duniya na Biyu aka sake yi wa layin ruwan bama-bamai, ita kaɗai ta rage a tsaye cikin gine-ginen da ke wurin. Shi ya sa in ka tsaya ka duba za ka gan ta daban: ginin jan bulo mai hawa, da sunanta a rubuce jikin tayil, kewaye da dogayen benaye na bayan yaƙi waɗanda ba su yi kama da ita ba ko kaɗan.

Wani kamfanin gine-gine ya saye ta, ya nemi izinin rushewa ya ɗora gidajen kwana na bene. A farkon 2015 ƙaramar hukumar Westminster ta ce ba ta yarda ba. A daidai lokacin kuma hukumar Historic England, mai kula da gine-ginen tarihi, ta riga ta zo ta auna ginin ciki da waje, ta ɗauki hotuna, saura kwana biyu ta ba da shawarar a sa shi cikin jerin waɗanda doka ta hana taɓawa. Sai aka ce wa ma'aikatan wurin su rufe za a yi ƙidayar kaya. Ranar Laraba 8 ga Afrilun 2015 katafila ta dira, ba izini, ba sanarwa. Ginin da ya tsallake bama-baman Hitila, kafin magariba ya zama kango.

Na bi ta wurin washegari da yamma, na dawo daga aiki. Rabin ginin ya zube, ɗaya rabin yana tsaye a buɗe kamar an yanka kabewa, kana hango cikin ɗakunan sama daga titi, ƙura ta lulluɓe motocin da ke gefe. Mutane sun yi cirko-cirko a bakin shinge, wasu na ɗaukar hoto, wasu sun yi shiru kawai. Abin da na faɗa a raina shi ne Allah raka taki gona, an rage mugun iri. Na faɗi haka a majalisarmu ranar Juma'a, ba wanda ya musa mini. Da aka zo da takardar koke ƙofar gidana ana neman sa hannu, na ce wa yarinyar ba ruwana da wannan, na mayar da ƙofa.

Wadda ta fara sa ni tunani wata tsohuwa ce Baturiya da ke ƙasan benenmu. Shekara da shekaru muna gaisawa a matakala, matata kan kai mata waina ranar sallah, ita kuma ta riƙe mana saƙo in ba ma gida. Wata rana na same ta a bakin ƙofa tana fama da jakar cefane, na karɓa na shigar mata. Ta ce in zauna, ta ɗora ruwan shayi, ta jawo wani tsohon gwangwanin biskit cike da hotuna. Ta nuna mini na ranar aurenta, an yi walimar a ɗakin baya na wannan mashaya. Ta nuna na ranar da aka yi wa ɗanta baftisma, can aka taru. Ta nuna na ranar da aka binne mijinta, can mutane suka zo mata ta'aziyya, domin ɗakinta ba zai ɗauki mutum goma ba. Ta ce tun da ya rasu, duk ranar Lahadi takan je ta ci abincin rana a teburin da ke kusa da murhu, in ba ta je ba sai an aiko yaro ya ƙwanƙwasa ya ji ko lafiya. Ta riƙe hoton da hannu biyu yana rawa, ta ce yanzu in ta faɗi a banɗaki, wa zai lura ba ta fito ba?

Ban ba ta amsa ba, domin ba ni da ita. Amma na fita ina tuna mahaifina. A gida, dattijo irin wannan ba ya rasa inda zai sa kansa: akwai zaure, akwai dakalin ƙofar gida, akwai inuwar darbejiya inda ake shimfiɗa tabarma bayan la'asar, akwai bencin mai shayi. Ranar da ba a gan shi ba, kafin isha'i an leƙa. A nan kuwa wata shida na shekara ba mai iya zaman waje, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, gidaje ƙanana, kowa da ƙofarsa a kulle. Sunan da suke kiran irin wannan wuri da shi a harshensu ma gutsure ne daga kalmar da ke nufin gidan jama'a. Mu giyar kawai muke gani, kuma tana nan, ban ce babu ita ba, ban kuma ce ba ta kashe gidaje ba, na ga waɗanda ta kashe. Su kuwa ban da ita suna ganin zauren unguwa: inda 'yan ƙwallo ke haɗuwa bayan wasa, inda ake karɓar gaisuwar mutuwa, inda mai neman aikin fenti ko famfo ke jin labarin aiki, inda tsoho ke samun wanda zai ce masa sannu.

Yanzu ga abin da nake so ku duba da kyau, domin shi ne dalilin wasiƙar. Mutanen nan ba attajirai ba ne. Mafi yawansu mazauna gidajen haya na ƙaramar hukuma ne kamar mu. Amma ba su tsaya a Allah ya isa ba. Sun kafa ƙungiya, sun tara sa hannu, sun dami kansilolinsu da waya da wasiƙa, sun kira 'yan jarida, sun cika ɗakin taro duk ranar da za a tattauna maganar. Cikin 'yan makonni Westminster ta fitar da umarnin da ba a saba ji ba: a mayar da ginin yadda yake kafin a rushe, bulo bayan bulo. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. A 2016 sufeton tsare-tsaren gini na gwamnati ya zauna ya saurari kowa a bainar jama'a, maƙwabta suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka faɗi abin da wurin yake a rayuwarsu, ya tabbatar da umarnin, ya ba da wa'adin shekara biyu.

Hikimar hukuncin ita ce ta fi burge ni. Da tara aka ci mai kamfanin, da ya biya yana murmushi, ya zuba ta cikin lissafin kuɗin aiki, ya gina benensa ya mayar da ita ninkin ba ninkin, domin kowa ya san abin da fili ke kaiwa a wannan yanki. Da aka ce ya sake ginawa, sai aka cire ribar gaba ɗaya: ya kashe kuɗin rushewa, ya kashe na lauyoyi, ya kashe na gini, ya koma inda ya faro. Hotuna da awon da Historic England ta ɗauka kafin ɓarnar su suka toshe masa hanyar cewa ba a san yadda ginin yake ba. Aka tono abin da ya tsira daga ɓaraguzai, ɓangaren kantar sayarwa da murhu da katakon dafawa na matakala, aka mayar da su mazauninsu. Wa'adin ya wuce, aiki ya yi ta jan ƙafa, su kuma ba su gaji da bibiya ba. Shekara shida cur. Ranar Litinin 12 ga Afrilun 2021, ranar da aka sassauta kullen korona a Ingila, muna jajibirin azumi, aka buɗe ta.

Na wuce ta gaban wurin ran nan zan je sayen dabino. Lokacin ba a yarda a zauna a ciki ba sai a waje, ga sanyi kamar ba Afrilu ba. Na hango tsohuwar nan a kan kujera, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo, mutane na sunkuyawa suna gaishe ta. Ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata daga tsallaken titi. Ban tsallaka ba, ita ma ba ta sa ran in tsallaka ba, ta san ni. Amma na ji daɗi har cikin raina, kuma ban ga abin da zan nemi gafara a kai ba cikin wannan jin daɗin.

Tsakanin rushewar da buɗewar ne namu ya same mu, kuma da yawanku kun san zancen, ba sai na kama suna ba. Ɗakin taron nan da muka yi shekaru muna haya, inda muka raɗa wa yara da dama suna, inda mata ke kawo tuwo da miyar kuka a manyan kuloli ranar sallah, inda malam ke biya wa yara karatu ranar Asabar, inda muka zauna makokin iyayenmu da suka rasu a gida ba mu samu zuwa jana'iza ba. Wata Asabar muka zo da yara da allunansu muka tarar an canja kwaɗo. Aka yi ta buga waya, aka ce ai an sayar. Na zagaya gefen ginin, sai ga takarda cikin leda ɗaure jikin falwaya, ruwa ya jiƙa gefenta har rubutun ya fara dusashewa. Sanarwar neman izinin mayar da wurin gidajen kwana ce, an ba kowa kwana 21 ya faɗi ra'ayinsa. Wa'adin ya wuce da wata biyu. Duk Asabar muna wucewa ta gabanta, mu fiye da hamsin, cikinmu akwai likita, akwai akanta, akwai mai digiri uku, ba wanda ya tsaya ya karanta. Har ni. Muka yi ihu bayan hari a WhatsApp na mako guda, aka ce tsangwama ce, aka ce don mu Musulmi ne. Ban ce babu tsangwama a ƙasar nan ba, na sha ta. Amma a wannan karon ba wanda ya hana mu magana. An tambaya, ba mu amsa ba.

Daga baya na zauna na karanta, abin da na gano ya ƙara mini takaici. Tun 2011 akwai doka a Ingila, Localism Act, da ta ba mazauna unguwa damar su nemi ƙaramar hukuma ta rubuta wani gini ko fili a matsayin kadarar da jama'a ke amfana da ita. Ba sai ƙungiya mai ofis da lauya ba: mutum 21 da sunansu ke cikin rajistar masu zaɓe na yankin sun isa su shigar da buƙatar. In an amince, sunan wurin zai zauna a jerin har shekara biyar. Duk ranar da mai shi ya so sayarwa dole ya sanar, jama'a na da mako shida su ce suna so, in sun faɗa sai a dakatar da cinikin har wata shida domin su tara kuɗi. Kada in yi muku ƙarin gishiri: dokar ba ta tilasta wa mai gini ya sayar muku, ba ta kuma rage farashi. Lokaci kawai take bayarwa, da kuma hana a yi muku sakiyar da ba ruwa. Amma wata shida ba kaɗan ba ne ga mutanen da suka iya adashi. Da wannan dokar mutanen Nunhead, a kudancin Landan, suka ceci mashayarsu mai suna Ivy House. Ita ce mashaya ta farko da aka sa a irin wannan jerin, suka saye ta a 2013 a kan fam 810,000, da rance da tallafi da hannun jarin da ɗaruruwan maƙwabta suka saya, har yau kuma su ke da ita. Mu nawa muke aikawa gida a shekara don gina benen da ba mai kwana a ciki sai ƙadangaru?

Hayaniyar Carlton da ire-irenta ba ta tsaya a layinsu ba. A 2017 aka gyara doka, ya zama ba a rushe mashaya ko a canja mata aiki a Ingila sai da izini. Ba kuma kullum ake dacewa da wuri ba: Crooked House, wadda ta shahara da karkacewar gininta a Staffordshire, ta ƙone a watan Agustan 2023, aka baje ta bayan kwana biyu, hukumar yankin ta ba da umarnin a sake ginawa a Fabrairun 2024, masu wurin suka ɗaukaka ƙara. Amma ko a can, misalin Carlton mutane suka riƙa kawowa.

Batun rajistar zaɓe, ranku ya daɗe, a nan ne na fi jin kunyarmu. Ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru da ke zaune a ƙasar nan bisa ƙa'ida yana da ikon jefa ƙuri'a ko da bai karɓi fasfon Birtaniya ba, saboda ƙasashen na cikin Commonwealth. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Sudan ba su da wannan sai sun zama 'yan ƙasa, wato nauyin ya ƙara hawa kanmu mu da muke da shi. Amma a majalisarmu za a kwana ana musu a kan zaɓen gwamnan Kano ko na Katsina, a san sunan kowane kwamishina, a tambayi mutum sunan kansilan mazaɓar da ya shekara ashirin a cikinta ya yi shiru. Kansilan nan kuwa shi ke zama a kwamitin da ke yanke hukunci a kan ginin da muke sallah a ciki. Yana da ranar da yake zama ya saurari kowa kyauta, a laburare ko wani ɗakin unguwa. Ya san waɗanda ke zuwa, ya san waɗanda ke zaɓe, kuma su yake ji.

Na san abin da ke ƙarƙashin wannan duka, domin yana cikina ni ma. Mun zo da niyyar shekara uku, mu yi karatu ko mu tara ɗan abin da za mu tara mu koma. Akwatinmu na kan kabad har yanzu kamar gobe za a tashi. Ga shi furfura ta fito, yaran da muka haifa a nan sun fara aure, wasunmu an binne su a nan. Yaran nan ba baƙi ba ne, nan ne garinsu. In ba mu bar musu wurin da za su taru su ji Hausa, su ci abincinmu, su ga yadda ake gaida babba ba, to za su nemi wurin taruwa a inda ya samu, kuma kun san inda ya fi sauƙin samu a ƙasar nan. Duk mai tsoron kada ɗansa ya shiga mashaya, ya kamata ya fi kowa damuwa da cewa ba mu da zaure.

Akwai wanda zai ce, to da ka sa hannu a takardar nan, ba ka taimaka wa saɓo ba? Ni ba malami ba ne, kuma ina so malamanmu su zauna su yi mana bayani a kan iyakar abin da ya halatta, domin tambaya ce ta gaske, ba na raina mai yin ta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, kada ya sa. Abin da na sani shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma bai ce maƙwabci Musulmi kaɗai ba. Na kuma san ya yabi alkawarin Hilful Fudul da aka ƙulla a Makka tun kafin annabci don tsaya wa wanda aka zalunta. Ko an ajiye batun mashaya gefe, unguwa cike take da abin da babu shubuha a cikinsa: laburaren da za a rufe, wurin wasan yara, cibiyar matasa, asibitin sha-ka-tafi, ɗakin da tsofaffi ke shan shayi. Nawa daga ciki aka gan mu a ciki? Ranar da kwaɗo ya canja a ƙofarmu, ba Bature ko ɗaya da ya zo, kuma ban ga laifinsu ba, ba su san muna wurin ba. Tsohuwar nan kaɗai ce da na ba ta labari ta ce, me ya hana ka faɗa mini tun da wuri, ai mun san yadda ake yi.

Don haka ga roƙona gare ku, ku da ake jin maganarku. A taron da ke tafe, bayan addu'a da lissafin kuɗin ƙungiya, a ware rabin sa'a a kan wannan. A naɗa matasa biyu ko uku, cikin 'ya'yanmu da suka fi mu sanin kan kwamfuta da harshen takardun hukuma, aikinsu kawai su riƙa duba shafin neman izinin gini na ƙananan hukumomin Brent da Westminster da Camden da duk inda muke da wurin taruwa, su sanar da mu tun kwana 21 ɗin ba su ƙare ba. A rubuta duk wuraren da muke haya, a san wa ke da su, yaushe yarjejeniyar za ta ƙare. A tara hotunan suna da walima da karatun yara, da kwanan wata, domin ranar da za a ce mu kawo shaidar cewa jama'a na amfana da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayenmu mata su shiga gaba a wannan, su suka fi mu riƙe irin waɗannan abubuwa, su kuma suka fi mu sanin maƙwabta. Kuma a gayyaci ɗaya daga cikin mutanen da suka yi gwagwarmayar Carlton ya zo ɗakin taronmu, mu ba shi shayi da ƙosai, ya koya mana yadda suka bi. Na tabbata za su zo.

Ɗakin da muke haya yanzu, na tambaya, saura shekara biyu yarjejeniyarsa ta ƙare. Na karɓo fom ɗin neman a sa shi a jerin kadarorin jama'a daga shafin ƙaramar hukuma, na buga shi, yana cikin jakata. Na rubuta sunana a layin farko, matata ta rubuta a na biyu. Saura 19. Zan zo da shi ranar Juma'a, ina bakin ƙofa bayan an idar.

Wassalam. Naku ɗanku kuma ƙaninku, mazaunin Kilburn.